Daminar da Malam Ya Sauya Wa Mota Aksul

Shekarar da maigidana ya yi ritaya daga aikin safiyo, zama ya gagare shi. Mutum ne da ya saba fita tun da sassafe, ya yini yana awon filaye a ƙauyuka, ya dawo da laka har gwiwa. Da aka sallame shi sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga zaure ya fito, ya leƙo ɗakin girki ya tambaye ni abin da bai shafe shi ba, ya kunna rediyo ya kashe. Cikin ɗan lokaci ya gyara duk wata ƙofa da ke ƙara a gidan, har da waɗanda lafiyarsu ƙalau. Daga nan idonsa ya faɗa kan motar mahaifinsa.

Motar tana ƙarƙashin wata rumfar kwano a gefen zaurenmu, a cikin birni, wajen Ƙofar Gayan. Ƙirar Amurka ce ta zamanin da, doguwa, mai faɗi, koriya shar lokacin da take da ƙuruciya. Surukina alƙali ne, ya saye ta tun kafin a kawo ni gidan. Lungunmu da ƙyar yake ɗaukarta, in za ta fita sai mai kayan miya ya janye teburinsa. Ta daɗe a ɗage a kan bulo, tun da aksul ɗinta na baya ya karye, wato dogon ƙarfen nan mai tulu a tsakiya da ke riƙe tayoyin baya yana juya su. Malam, wato maigidana, yakan tayar da injin jefi-jefi don kada ya mutu, ya saurare shi, ya kashe, ya mayar da tamfol.

A wannan daminar ce kuma 'yarmu ta fari take da tsohon ciki a Jos, inda take aure take kuma aiki. Da yadda aka saba za a bi, gida za ta dawo ta haihu a gabana. Likita ya hana ta doguwar tafiya saboda jininta na hawa. Ni malamar firamare ce, an ba mu dogon hutu, babu abin da ya riƙe ni a Zariya. Sai dai 'yar fari ce. A gidan da na tashi uwa ba ta nuna zumuɗi a kan ɗan fari, ni kuma ban taɓa kiran sunanta a gaban mutane ba. Malam ya ma fi ni. In zai yi maganarta sai ya ce "mutanen Jos".

Wata rana muna cin tuwo ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Zan tayar da motar nan. In ta tashi tana buƙatar doguwar hanya a gwada ta. Hanyar Jos akwai hawa, ta dace da gwaji."

"Allah ya taimaka," na ce.

Kafin in kwanta na haɗa jaka: kanwa, daddawa, kuka, yajin jego da na daka tun watan da ya wuce, turaren wuta, zannuwa. Na tura ta ƙarƙashin gado.

Wanda ya kama masa aikin tsohon abokinsa ne, bakanike a Tudun Wada, wanda suka yi makarantar allo tare. Alhaji yake ce masa. Su biyun suka tafi kasuwar Panteka a Kaduna, suka dawo da aksul ɗin wata tsohuwar a-kori-kura, ita ma ƙirar Amurka. Ƙarti huɗu suka sauke shi suna nishi. Da aka zo ɗaurawa sai aka ga mazaunin sifirin bai zo daidai ba. Aka nemo mai walda, ya zo babu wuta, aka aro janareta, ruwa ya sauko, aka tashi. Haka aka yi ta yi. Man da ke cikin tulun yana da wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ya kama rigunan Malam, ya kama tabarmar zaure, har a tuwo nake jin kamar yana nan.

Ranar da aka sauke motar daga kan bulo, Malam ya shigo ya ce in ɗauko mayafi. Na shiga gaba na zauna. Yana taɓa totur ta zabura kamar an tsikari rago, kaina ya bugi kujera. Akwai wani kwatami a hanyar Ƙofar Gayan da ke tare motoci duk damina, ta ratsa shi ko gezau. Malam yana ta murmushi. Muka fita ta Ƙofar Doka muka hau titin Kaduna, a nan murmushin ya ɗauke. Injin ya kama ihu, ƙasan motar na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Allurar maleji ta yi can sama, na riƙe ƙofa ina salati, ina ganin gudu muke na fitar hankali. Sai ga wata tsohuwar motar itace ta zo ta wuce mu a hankali, yaran da ke kan itacen suna ɗaga mana hannu.

Malam ya gangara gefen titi ya kashe ta. Ya ƙwanƙwasa gilashin malejin da yatsa.

"Ƙarya malejin yake yi," ya ce. "Injin ne ke gudu, ba motar ba."

Washegari Juma'a ce, Alhaji bai zo ba. Bayan la'asar Malam ya kira ni waje, ya ce in zo masa da alli. Na ɗauko guntun da ya rage a jakar makaranta. Ya riga ya ɗaga tayar baya guda ɗaya da jak. Ya yi zane a jikin tayar, ya rarrafa ƙasa ya yi wani a jikin farfela, dogon bututun da ke kawo juyi daga injin zuwa aksul.

"Ki durƙusa nan ki zuba wa farar alamar nan ido. Ni zan juya taya, ke ki ƙirga sau nawa ta zo ta wuce. Da yake ɗaya tayar na ƙasa, sau biyu zan juya wannan, shi ne daidai da zagaye ɗaya a kan titi."

Na tattare zane na durƙusa a kan buhu. Matan maƙwabta da ke wucewa suna gaishe ni suna ƙunshe dariya. Ya fara juyawa a hankali. Alamar ta ɓace ta dawo, ta ɓace ta dawo. Na ɓata lissafi a karon farko saboda wayata ta yi ƙara a cikin gida na miƙe da sauri, ashe saƙon banza ne. Muka sake.

"Huɗu, da ɗan ɗori," na ce.

"Na sani," ya ce, ya zauna a ƙasa yana goge hannu. "An yi shi ne don ɗaukar buhuna. Na asali bai kai uku ba. Shi ya sa a zamanin Baba za ki ji ta a titi shiru, kamar jirgin ruwa. Wannan kuwa sai injin ya yi aikin mutum biyu kafin a ci tafiyar mutum ɗaya."

"Amma dai tana tafiya."

"Tana tafiya. Ba tafiyarta ba ce."

"Ai ka ce hanyar akwai hawa. Wannan ba shi ya fi jan hawa ba?"

Ya dube ni kamar zai yarda. Sai ya ce, "Kafin a kai hawan fa? Tun daga nan har Saminaka shimfiɗaɗɗiyar hanya ce. Kunnenki ba zai ɗauka ba."

Ban ce masa kunnena zai ɗauka ba. Na shiga gida. Da gari ya waye, kafin in gama dama koko, sun riga sun kwance aksul ɗin sun jingine shi da bango, motar ta koma kan bulo.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta su ba. Na jawo jakar na zazzage na sake shiryawa. Na ga kamar yajin ya yi sanyi, na shanya shi, hadari ya taso na kwashe. Na share tsakar gida da ba ta da datti. Na ɗinka wa jariri riguna har na rasa inda zan sa su, sannan na warware wasu saboda wuyan bai yi mini ba. In na ɗora tukunya sai in tsinci kaina a zaure ina leƙen ƙafafun Malam da suka fito daga ƙarƙashin mota. In mun yi waya da yarinyar, gaisuwa ce kawai da tambayar mijinta da sanyin garin. Ita ma ta san yadda muke, ba ta matsa.

Ƙanwata da ke zaune wajen Kongo ta zo ta same ni ina tsince shinkafar da na riga na tsince.

"Yaya, ki shiga motar haya mana. Kafin azahar kina can."

"Ya ce in jira."

"Ya ce ki jira, ko dai ya ce zai gwada mota?"

Na ci gaba da tsince shinkafata.

"To ko ni in tafi? Ai dama ni ya kamata, ke ki zauna da kunyarki."

Gaskiya ta faɗa, haka ake yi, ƙanwar uwa ce ke zuwa. Amma maganar ta soke ni. Na ce mata tana da yara ƙanana, ta bari tukuna. Ta dube ni ta gyara goyonta.

Aksul na biyu daga Kano ya zo, daga kasuwar Ƙofar Ruwa. Sai da Malam ya je ya dawo hannu rabbana, aka sake kiransa ya koma. Wannan daga jikin irin motar aka ciro shi. Tun kafin a ɗaura ya sa na sake durƙusawa da alli, na ƙirga, bai kai uku ba. Ranar har da tsire ya shigo mana da shi. Aka ɗaura, suka fita gwaji shi da Alhaji, ni ban bi su ba, na tsaya na ɗaure jaka da igiya na fito da ita tsakar ɗaki.

Sun dawo ran kowa a ɓace. Injin ya yi shiru yadda Malam ke so, amma tulun da kansa yana wani kuka mai tsawo da ke ƙaruwa in an ƙara gudu. Mai na tsiyaya yana jiƙa birkin hagu. Ga shi ya ɗan fi na asali faɗi, in an faɗa rami sai taya ta goga jikin mota.

Ina daga zaure ina jin su. Alhaji ya ce, "Malam, ka mayar da na farko. Lafiyayye ne. Ihu kawai yake, ba ya kisa."

"A buɗe na Kano a ciro haƙoran a zuba su a cikin na Kaduna."

"Ba za su shiga ba. Ba gidansu ɗaya ba."

"A gwada."

"Na ce maka ba za su shiga ba. Ka auna ka gani, ai awo aikinka ne."

Suka buɗe tulun biyu suka baje haƙora da boris a kan buhuna, Malam na aunawa yana sake aunawa. Motar ta koma kan bulo karo na uku. Na mayar da jaka ƙarƙashin gado da ƙafa.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, yarinyar ta kira. Ta gaishe ni, ta tambayi Babanta. Sannan ta ce, "Mama, sun ce in zo in kwanta a asibiti, ƙafafuna sun kumbura sosai. Wataƙila aiki za su yi." Ta ɗan yi dariya. "Yaushe motar Baba za ta tashi?"

Dariyar ce ta tayar da ni. Tun tana ƙarama haka take yi in tana jin tsoro. Na yafa mayafi na fita. Malam na kwance a ƙarƙashin mota, Alhaji na tsugune yana miƙa masa sifana, mai kayan miya na gefe yana kallo. Na tsaya a kan ƙafafun Malam na faɗi sunanta, cikakke, yadda aka raɗa mata. Na ce an kwantar da ita a asibiti, kuma gobe da safe zan tafi tasha.

Alhaji ya sunkuyar da kai yana juya sifana a hannu. Ƙarar ƙarfen da ke fitowa daga ƙasa ta tsaya. Sai muryar Malam ta fito.

"To. Allah ya kai mu."

Shi ya ɗaukar mini jakar da safe har bakin titi, ya tare mai keke, ya raka ni tasha. Ya zagaya motar hayar yana danna tayoyinta da ƙafa, ya ce wa direba ta baya ta dama tana son iska. Direban ya ce to, bai motsa ba. Da za mu tashi Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Ki gaishe su." Hannunsa da ke kan ƙofa duk baƙin mai ne a ƙarƙashin farce.

An yi mata aikin kwana kaɗan da isata. Mace aka samu, ƙarama, mai yawan gashi. Uwar ta sha wuya amma Allah ya tashi kafaɗunta. Na yi zaton in na iso hankalina zai kwanta, sai ga shi ko a can ban iya zama ba. Ina dama kunun kanwa, ina dafa ruwa, ina karɓar 'yan barka, kunnena na kan titi. Malam yakan kira surukinmu, mijin yarinyar, ya tambayi lafiya a taƙaice, ni kuma ya ce mini ana nan ana fama. Bai ce zai zo ba, ban tambaye shi ba.

Ana gobe suna, da la'asar, ina shanya kayan jaririya a bayan gida na jiyo motar. Tun daga nesa na gane ihun nan, babu wata mota a duniya da ke yin sa. Yaran unguwar suka biyo ta da gudu. Ta tsaya a ƙofar gida tana huci, laka har gilashi. Alhaji na gaba, Malam na tuƙi, a kujerar baya kuma wani farin rago ne a tsaye, an shimfiɗa masa tamfol, ya zuro kai ta taga. Sun mayar da aksul ɗin a-kori-kura.

Malam ya fito yana dafa ƙugu. Kunnensa ya toshe, yana magana da ƙarfi bai sani ba. Surukinmu ya durƙusa yana gaishe shi, shi kuwa yana ba shi labarin hanya: yadda suka tsaya a Pambeguwa suka bar injin ya huce, yadda kowace mota ta wuce su a shimfiɗe, da yadda suka rama a hawan, inda manyan motoci ke rarrafe ita kuwa ta haye kamar ba ta san da tudu ba.

Da aka shigar da shi ɗaki na miƙa masa jaririyar. Ya duba hannuwansa, ya goge su a jikin riga, ya karɓe ta. Ya yi mata addu'a a hankali ya tofa. Ya ce wa 'yarsa, yana kallon bango, "Sannu. Ya jikin?" Ta ce da sauƙi. Ya miƙo mini jaririyar ya ce bari ya je ya duba ko mai na zuba. Yana fita yarinyar ta kama dariya tana dafe ciki saboda ɗinkin, hawaye na zubo mata, ban san na wanne ba ne.

Bayan suna suka koma shi da Alhaji. Ni na zauna har hutunmu ya kusa ƙarewa. Ya zo ɗaukata shi kaɗai. Na lura motar ta ƙara tsayi ta baya, kamar mai shirin tsalle. Ya ce manyan tayoyi ya sa mata, tunda taya mai girma tana cin ƙasa da yawa a zagaye ɗaya, injin ya ɗan samu sauƙi. Ihun bai tafi ba, amma mutum na iya jin na kusa da shi in ya ɗaga murya.

Mun gangaro daga tudun ana yayyafi. A Saminaka ya tsaya, ya sayo mana gasasshiyar masara, muka zauna a cikin mota muna ci, injin na ƙyas-ƙyas yana hucewa.

"Tana samun barci dai?" ya ce.

"Wacce a ciki?"

Ya ɗan juya masarar a hannunsa. "Duka biyun."

Na ba shi labari. Na gaya masa yadda jaririyar ke tsuke fuska in an yi mata wanka, da yadda uwar ta fara takawa har bakin ƙofa, da abin da likita ya ce game da jinin. Bai katse ni ba ko sau ɗaya, har masararsa ta huce. Da na gama ya ce alhamdu lillahi, ya tayar da mota. Bayan mun yi nisa ya ce an ba shi labarin wani aksul a Funtuwa, a jikin wata tsohuwar motar asibiti, wai shi uku da ɗori ne, tsakanin na Kano da na Kaduna. Na ce masa ni dai allina ya ƙare.

Mun shigo Zariya rana ta yi sanyi. Muka wuce Kongo, muka iso Ƙofar Doka, inda za mu karya mu shiga birni. Na gyara mayafi na jawo ƙaramar jakata kan cinya. Malam ya rage gudu, ya dubi ƙofar, sai ya miƙe ya bi titin Kaduna.

"Ina kuma za mu?"

"Nan gaba kaɗan. Akwai wata ƙara da nake ji ta hagu, ina so in ji ta a miƙe kafin magariba."

Bayana na ciwo, ƙafafuna sun yi tsami. Na tuna gidan yadda zan same shi, a share, shiru, babu kukan jariri, babu ruwan da za a dafa. Na mayar da jakar ƙasa, na sauke gilashi, na karkata kai ta hagu ina saurare ko ni ma zan ji ta.